Askirim ya yi tauri kamar dutse, yaya zan raba wa mutum 60?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku taimaka mini da shawara. Ranar Asabar za mu yi walimar saukar Alƙur'ani ta babbar 'yata, mun gayyaci kusan mutum 60, kuma yara sun fi yawa. Mun sayi askirim manyan robobi biyu, kowace lita 4, suna cikin firiza tun shekaranjiya. Jiya da daddare na buɗe ɗaya don in ɗebar wa maigida ya ɗanɗana, wallahi cokali biyu na lanƙwasa, na ukun ya zame ya watsa guntu a ƙasa. Idan kofi ɗaya ya ba ni wannan wahalar, yaya zan yi da kofi 60 baƙi na zaune suna jira? So nake ya fito a dunƙule gwanin sha'awa kamar yadda ake ba mu a shago, ba gutsi-gutsi ba.

Autar Gida:
Wa alaikumus salam Anti. Allah ya sanya albarka a karatun. Ai abin mai sauƙi ne, ki tafasa ruwa ki zuba a kofi, ki riƙa tsoma cokalin a ciki kafin kowace ɗiba. Zai shige kamar kina yankar tuwo. Haka muke yi a gidanmu kullum.

Mai Shagon Sanyi:
Hajiya barka da arziki, Allah ya sa ta yi aiki da shi. Shekarata 9 ina sayar da askirim a Kano, kuma ina roƙonki kada ki yi amfani da tafasasshen ruwa. Ƙanwata Auta, ki yi haƙuri, ba musu nake so ba. Cokali mai zafi yana narkar da wurin da ya taɓa, ya bar ruwa-ruwa a saman robar. Da kin mayar firiza wannan ruwan ne zai daskare ya zama ɓawon ƙanƙara, gobe sai ki tarar ya fi yau tauri. Ga ɗigon ruwan da ke bin cokalin yana sauka a ciki, kowane ɗigo tsakuwa zai zama a bakin yaro. A kofi ɗaya ko biyu ba za a lura ba, amma a ɗiba 100 za ki ga saman robar ya zama kwata.

Mu a shago ruwan famfo ne kawai, ko mai ɗan ɗumi. Ka tsoma, ka kaɗe, ka ɗan dangwala a kan tsumma mai tsabta, sannan ka ɗiba. Amfanin ruwan shi ne wanke ragowar da ta manne a ludayin don ta gaba ta sulale, ba narkar da askirim ba.

Amma gaskiyar magana, Hajiya, matsalarki ba ta cokali ba ce. Firizar gida tana aje kaya a wajen digiri 18 ƙasa da sifili, wata ma ta fi haka sanyi. Akwatin gilashin da muke ɗiba a cikinsa a shago yana tsakanin 12 da 14 ƙasa da sifili. Wannan ɗan bambancin shi ne duk sirrin da kike gani a hannunmu. Ni ma idan na ɗauko roba daga babbar firizar ajiya ba na iya ɗibarta nan take, sai ta kwana a akwatin sayarwa.

Autar Gida:
Yaya Mai Shago, digiri 5 kacal ne zai mayar da dutse ya zama tuwo? Ni dai ban yarda ba. Kuma mu talakawa ba mu da akwatin gilashi a gida, ruwan zafi muke da shi.

Malamin Kimiyya:
Auta, abin da ya faɗa haka yake, bari in yi bayanin dalili. Askirim ba dunƙulalliyar ƙanƙara ba ce. Abu huɗu ne a cakuɗe: ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara, kitsen madara, iskar da aka buga a ciki, da wani ruwan sukari mai kauri da bai daskare ba. Sukari yana hana ruwa daskarewa da wuri, shi ya sa ko a cikin firiza akwai wani kaso na ruwan askirim da yake nan a ruwansa, yana zagaye ƙwayoyin ƙanƙarar kamar yadda miya ke zagaye tsaki. Shi ne ke ba cokali hanya. Duk sanda sanyi ya ƙaru, ƙarin ruwa yana ficewa daga wannan ruwan sukarin ya koma ƙanƙara, wanda ya rage kuma ya ƙara kauri da danƙo. To idan kin sassauta sanyin da digiri 5 ko 6, ba narkar da askirim kika yi ba, kin dai mayar masa da ɗan ruwan da zai sa ya motsa.

Iskar ma tana da nata aikin. Wani askirim mai araha rabin robar iska ce, shi ya sa yake da sauƙin ɗiba kuma ba ya da nauyi a hannu. Mai tsada da aka cika da kirim iskarsa kaɗan ce, ya fi nauyi, ya fi tauri, ya fi buƙatar a jira shi.

Anti Mai Girki:
Uwar Biyu 'yar'uwata, kwantar da hankalinki, na yi irin wannan hidimar ba sau ɗaya ba. Abu na farko, kada ki bar robar a kan tebur tana jiran laushi, musamman a wannan zafin da muke ciki. Gefen zai zama kunu tsakiyar tana nan a dutsenta. Ki ɗauke ta daga firiza ki sa a ɓangaren firji na ƙasa, inda kike aje kayan miya. Ƙaramar roba minti 15 zuwa 20 ya ishe ta, irin taki mai lita 4 za ta iya kai rabin awa. Ki riƙa danna gefen robar da yatsa, idan ta ɗan lotsa to ta yi.

Na biyu, kuma shi ne babba: kada ki ɗiba a gaban baƙi. Ranar Juma'a da daddare, ko Asabar da asuba, ki sa manyan tire biyu a firiza su yi sanyi sosai. Ki shimfiɗa musu takardar gashin kek ko leda mai tsabta. Ki riƙa dunƙulawa kina jerawa, idan kin yi 10 ko 12 ki mayar da tiren firiza ki ɗauko ɗayan. Bayan awa biyu sun yi tauri, sai ki rufe su da leda. Ranar walima ɗauka kawai za a yi a sa a kofi, mutum biyu za su gama da 60 kafin a idar da addu'a.

Uwar Biyu:
Allah ya saka da alheri, wallahi har na ji sanyi a raina. Anti, ba zai ɗauki warin firiza ba idan ya kwana a tire? Akwai kifi da naman miya a ciki.

Anti Mai Girki:
Zai ɗauka ƙwarai idan kin bar shi a buɗe. Duk abin da yake da maiƙo yana jan wari, na taɓa shan askirim mai ƙamshin daddawa a wani gida, har yau ban manta ba. Ki ɗaure kifin da naman a leda biyu-biyu ki kai su can gefe, ko ki roƙi maƙwabciya ta aje miki su kwana ɗaya. Tiren kuma ki naɗe shi ruf. Kwana ɗaya ba komai, amma kada ya wuce haka, samansa zai bushe.

Mai Shagon Sanyi:
Shawarar Anti ita ce daidai. Bari in ƙara yadda ake ɗibar, tunda dunƙulalle kike so. Yawancin mutane haƙa suke yi, su kafa cokali a tsakiya su danna ƙasa kamar masu tonon rijiya. Nan ne cokali ke lanƙwashewa, wuyan hannu kuma ya yi ciwo. Askirim ba a haƙarsa, karta ake yi. Ki fara daga gefen roba, don nan ne ya fi laushi. Ki kwantar da bakin ludayin kaɗan, ki jawo shi zuwa gare ki a sama-sama, kada ya nutse fiye da faɗin yatsa. Za ki ga askirim yana naɗewa da kansa a cikin ludayin kamar ana naɗe tabarma. Idan ja ɗaya bai cika ba, ki sake ja ta wata fuskar, ƙwallon zai rufe. Ki riƙa juya robar, ki bi ta hawa-hawa yadda saman zai zauna a baje, kada ki bar rami a tsakiya da tudu a gefe.

Ki sa jiƙaƙƙen tawul a ƙarƙashin robar don kada ta riƙa zamewa. Kuma ki aje ta a wuri mai ƙasa, daidai ƙugunki, ƙarfin ya fito daga kafaɗa. Yaran shagona da suka fara aiki, ciwon wuyan hannu ne kukansu na makon farko, sai sun koyi wannan.

In kuma kina sauri babu lokacin jira, ki tsoma wuƙa a ruwan ɗumi ki goge, ki tsaga saman askirim a tsaye da a kwance kamar gidajen dara, zurfin gaɓar yatsa. Ludayi zai bi tsagar cikin sauƙi.

Autar Gida:
To ga shi kai ma ka dawo kan ruwan ɗumi, Yaya.

Mai Shagon Sanyi:
Ɗumi na ce ƙanwata, kuma a goge. Ke tafasasshe kika ce, kuma yana ɗiga. Idan ke kaɗai ce za ki sha kofi ɗaya da dare, yi yadda kika saba, ba wanda zai hana ki.

Nas Mai Dare:
Sannunku. Ina ta karantawa, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Uwar Biyu, kin ce tauri har ya lanƙwasa cokali biyu. Askirim na kamfani da bai taɓa narkewa ba yana da tauri a firiza, amma ba kasafai yake kai haka ba. Don Allah tun daga shago zuwa firizarki, awa nawa ya yi a hanya? Kuma an ɗauke muku wuta a kwanakin nan?

Uwar Biyu:
Anti Nas, kin tuna mini. Ba rana ɗaya muka saye su ba. Ta farkon maigida ne ya kawo a kula da ƙanƙara, kai tsaye aka sa a firiza. Ta biyun ni na saya, na biya kasuwa sayen kofuna da kayan rabo, ta yi wajen awa biyu da rabi a bayan mota da rana tsaka. Da na iso gida na ji tana motsi a ciki, na ce ai firiza za ta gyara. Ita ce na buɗe jiya. Wuta kuwa an ɗauke na 'yan awanni, amma babbar firiza ce mai murfi a sama kuma ba mu buɗe ta ba.

Malamin Kimiyya:
To ga amsar cokulanki nan, Hajiya. Firiza ba ta gyara askirim da ya narke. A kamfani ana daskarar da shi ne ana bugawa cikin sauri, shi ya sa ƙwayoyin ƙanƙarar suke ƙanana har harshe ba ya jin su, iska kuma tana riƙe a tsakani. Da ya narke iskar ta fice, ya sauka ya cure. Da kika mayar da shi ya daskare a hankali ba mai motsa shi, ƙwayoyin suka girma suka haɗe da juna. Abin da ke cikin robar yanzu ya fi kusa da ƙanƙarar madara. Ko kin bar shi a firji ba zai naɗe a ludayi ba, farfashewa zai yi.

Ki duba alamu uku. Ya sauka ƙasa da inda ya kamata ya cika, ko ya janye daga jikin roba? Akwai wani abu mai danƙo kamar zuma a sama ko a ƙasa? Idan kin sa a baki kina jin ɓarɓashi kamar yashi?

Uwar Biyu:
Na je na duba yanzu. Duka ukun akwai, Malam. Har ya karkace gefe ɗaya, yadda robar ta jingina a mota. Ɗayar kuwa na buɗe ta, samanta sumul har da zanen da injin ya bari, kuma da na danna cokali ya ɗan shiga.

Nas Mai Dare:
To 'yar'uwa, zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba. Wannan robar kada ki ba yaran mutane. Madara ce da sukari, wani har da ƙwai, ta yi awa biyu da rabi a motar da ta sha rana. Ƙa'idar da masu kula da lafiyar abinci ke bi ita ce abinci mai saurin lalacewa kada ya wuce awa 2 a waje, idan zafi ya haura digiri 32 kuma awa 1. Mu da muke ganin 40 a watan Afrilu, bayan mota ya fi haka nesa ba kusa ba.

Kuma mutane suna zaton sanyi yana kashe ƙwayoyin cuta. Ba ya kashewa, kwantar da su kawai yake yi. Akwai wata mai suna Listeriya da ke rayuwa a firiza, har tana iya hayayyafa a sanyin firji. A 2015 a Amurka an same ta a askirim na kamfanin Blue Bell na jihar Texas, mutum 10 suka kamu, 3 suka rasu a jihar Kansas, kamfanin ya janye dukkan kayansa daga kasuwa. Wancan daga masana'anta matsalar ta fito, ba daga narkewa ba, amma ya nuna cewa daskarewa ba kariya ba ce. Masu ciki, jarirai da tsofaffi su ne ta fi yi wa illa, kuma duk za su zo walimarki.

Kawun Yara:
Haba jama'a. Lita 4 fa, a wannan tsadar rayuwar, a ce a zubar? Almubazzaranci ba kyau. Mu da muka taso muna shan na masu keke, wanda ya wuni a rana ana yawo da shi, me ya same mu? Ku 'yan boko komai sai kun sa masa tsoro.

Nas Mai Dare:
Kawu, Allah ya ƙara girma, ban raina maganarka ba, kuɗi ne aka kashe kuma da ciwo. Amma na masu keke a akwati mai riƙe sanyi yake, kuma ƙanana ne a leda, idan ɗaya ya narke mai saye yana ji a hannunsa ya ƙi karɓa. Sannan waɗanda abin ya sama ba sa zuwa nan su ba da labari, wurinmu ake kawo su da dare suna amai da gudawa, uwar ta ce ba ta san abin da yaron ya ci ba. Idan yaro 30 suka sha, ko 3 ne cikinsu ya ɓaci, kuɗin magani ya fi kuɗin roba, ga kunyar a ce a gidan walima aka samo.

Kawun Yara:
To ba za a iya sarrafa shi a yi wani abu da shi ba? A dafa, ko a sa a kek?

Anti Mai Girki:
Kawu, da a firji ya narke cikin sanyi, da na ce a kwaɓa kek da shi a ranar, ana yi kuma yana daɗi. Amma wanda ya sha rana a mota, ya kuma kwana biyu, ni ba zan sa shi a abin da zan ba wani ba.

Malamin Kimiyya:
Akwai dalili kuwa. Wasu ƙwayoyin, kamar wadda ake kira Sitafilokokus, suna barin dafi a abinci wanda zafin girki ba ya lalata shi. Ƙwayar ta mutu, dafin yana nan.

Kawun Yara:
To shi ke nan, na ji. Allah ya mayar da alheri. Amma 'yata, gobe in za ki sayo, ki sa shi ya zama abu na ƙarshe kafin ki kamo hanyar gida.

Uwar Biyu:
Amin Kawu, na ɗauki wannan. Na yi magana da maigida, ya ce a bar ta, zai kawo wata ranar Alhamis a kula. Raina ya sosu amma hankalina ya fi kwanciya. Yanzu saura ludayi. Wane iri zan saya? Na ga wani mai maɓalli da ake matsawa ya saki askirim ɗin.

Mai Shagon Sanyi:
Mai maɓallin yana fitar da ƙwallo mai kyau kuma duk girmansu ɗaya, amma sai askirim ya yi laushi. In ya haɗu da mai tauri, 'yar sandar da ke sharewa a ciki tana gocewa daga haƙoranta, na jefar da sun fi biyar. Ni na fi son wanda aka zuba shi ƙarfe guda, babu abin da ke motsi a jikinsa, mai kaurin mariƙi da ɗan kaifin baki. Ki ɗauka ki ji nauyinsa, ki gwada lanƙwasa wuyansa da hannu, in ya motsa ki aje. Na roba kada ki kalle shi ma.

Idan mai maɓallin kika samu, ki duba jikinsa, sau da yawa akwai lamba. Lambar tana nufin ɗiba nawa ke cika mudun Amurkawa da ya ɗan gaza lita ɗaya. Mai lamba 16 yana ɗaukar wajen mililita 60. A lissafin takarda lita 4 za ta ba ki sama da 60, amma kada ki dogara da haka, don ludayi yana matse iskar da ke ciki. Ni a shago 50 nake sa rai. Roba biyu 100 ke nan: yara ɗaya-ɗaya, manya bibbiyu, zai ishe ki har a kai wa maƙwabta.

Malamin Kimiyya:
In kin samu na alminiyam ya fi, domin alminiyam yana tafiyar da zafi fiye da ƙarfe marar tsatsa nesa ba kusa ba, ɗumin tafin hannunki kawai yana isa bakin ludayin. A kan wannan tunanin ne wani Ba'amurke, Sherman Kelly na birnin Toledo a jihar Ohio, ya kafa kamfanin Zeroll a 1935. Ludayinsa alminiyam ne, a cikin mariƙin an rufe wani ruwa da ke ɗaukar ɗumin hannu ya kai baki. Har yau ana ƙera shi kusan yadda yake. Irin wannan da hannu ake wanke shi, ba a dafa shi a ruwan zafi.

Abin da ke burge ni a tarihin nan shi ne wanda ya riga shi. Alfred Cralle, baƙar fata ne haifaffen jihar Virginia a 1866, shekara ɗaya bayan ƙare yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta a can. Yana aikin ɗaukar kaya a wani otal da wani kantin magani a Pittsburgh, ya lura masu sayar da askirim suna fama da cokali biyu, ɗaya na ɗiba ɗaya na kankarewa. Ya ƙirƙiro ludayin da ake sarrafawa da hannu ɗaya, mai abin sharewa a ciki, aka ba shi takardar mallakar fasaha ranar 2 ga Fabrairu, 1897. Ina ba ɗalibaina labarinsa duk shekara, don su ga cewa mai lura da wahalar da ke gabansa shi ke gano maganinta. Wahalar da Hajiya ta sha jiya da daddare ita ce ya gani shekara fiye da 120 da suka wuce.

Ɗalibi a Turkiyya:
Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ku da kuke kukan tauri, ku zo nan ku ga na garin Marash. Da nonon akuya ake yinsa da garin saiwar wata fure da suke kira salef, yana da danƙo har ana rataye shi a ƙugiya a sare shi da babbar wuƙa kamar nama. A faranti ake kawo maka da wuƙa da cokali mai yatsu. Abin da ya sa na kawo zancen, Anti, idan askirim ɗinki a kwali yake ko a roba mai kusurwa huɗu, za ki iya kifar da shi a katako ki yanka shi yanka-yanka kamar burodi. Ba dunƙule ba ne, amma yana fita tsaf kuma da sauri.

Uwar Biyu:
Allah ya ba da sa'ar karatu ƙanena. Yarinyar ta ƙwallafa rai a kan mai ƙwallo, amma zan riƙe wannan don wani lokaci. Tambaya ta ƙarshe, idan aka ɗauke wuta ranar Asabar fa? A tsakar gida za a zauna, kicin kuma da ɗan nisa.

Mai Shagon Sanyi:
Muddin firizar a cike take kuma ba a yawan buɗe ta, 'yan awanni ba za su yi komai ba. Ki daskarar da robobin ruwa tun yanzu ki cike duk wani gurbi da su, ki sa tirenki a can ƙasa. Ki hana yara buɗewa neman ruwan sanyi, ki ware musu kula daban. Kofunan ma in na gilashi ne ko na tangaran ki sa su su yi sanyi, kofi mai zafi yana narkar da gindin ƙwallo kafin ya isa hannun baƙo. Kuma kada a fito da tire gaba ɗaya tsakar gida. A zuba a kicin, a riƙa fitowa da goma-goma.

Malamin Kimiyya:
In abin ya yi tsanani, ki fasa ƙanƙara a kula ki barbaɗa mata gishiri da yawa, kamar awo ɗaya na gishiri ga awo uku na ƙanƙara. Ƙanƙara ita kaɗai a sifili take tsayawa, wannan bai isa ya riƙe askirim ba. Da gishiri tana iya sauka har kusan digiri 21 ƙasa da sifili. Da haka ake yin askirim kafin a samu firiza, injin hannu da Nancy Johnson ta yi wa rajista a Amurka a 1843 ma da ƙanƙara da gishiri yake aiki. Ki dai ɗaure robar a leda sosai kada ruwan gishiri ya shiga.

Autar Gida:
Anti Mai Girki, ni kuma nawa na gida da nake haɗawa da madarar gari, kullum ƙanƙara yake zama. Ko shi ma firji zan sa?

Anti Mai Girki:
Zai taimaka, amma gyaran naki daga kwaɓi ne. Ruwa ya yi yawa, maiƙo da iska sun yi kaɗan. Ki buga kirim har ya tashi ya yi kumfa mai tsayawa, sannan ki juya madara mai kauri ta gwangwani a ciki a hankali. Kada ki rage sukari da yawa don kin ji Malam ya ce shi ke riƙe laushi, in kina so ki maye gurbin kaɗan da zuma cokali biyu. Ki zuba a mazubi mai faɗi marar zurfi. Ki buɗe sabon zance a kai gobe in ba ki awo dalla-dalla, kada mu cika wa Uwar Biyu nata.

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum, na dawo da labari. Alhamdu lillahi an yi walima lafiya jiya, mutane sun ma fi yadda muka zata. Na samu ludayi na ƙarfe guda a kasuwa. Ranar Juma'a bayan isha'i na sa roba ta farko a firji, minti 25 ta yi gefenta ya lotsa. Biyar ɗin farko ba su yi kyau ba don hannuna ya saba da dannawa, sai na tuna maganar naɗe tabarma na sassauta, daga nan suka riƙa fitowa sumul. Ni da ƙanwata muka yi 94 a tire huɗu, biyu na aro. An ɗauke wuta da azahar ta dawo kafin la'asar, ba abin da ya same su. Kawu, wancan robar na zubar da ita da hannuna, kuma sabuwar a kula aka kawo ta. Auta, ruwan ɗumi na aje a gefe da tawul, ya yi amfani sosai wajen wanke ludayin. An samu ragowa kaɗan a gindin roba ta biyu, yaya zan aje shi?

Mai Shagon Sanyi:
Masha Allah, Allah ya sa albarka a rayuwarta. Ki juye ragowar a ƙaramin mazubi da zai cika, ki baje samansa da bayan cokali, ki manna leda a jikin askirim ɗin kansa yadda iska ba za ta taɓa shi ba, sannan ki rufe murfi. Can ƙasan firiza za ki sa, ba kusa da murfi ba. Ki ba mai saukar ta shanye shi cikin makon nan.